Yadda Ɗan Kasuwa Zai Sa A Yi Masa Bidiyon Talla Ba Tare Da Ya Yi Asarar Kuɗinsa Ba

Yawancin 'yan kasuwar da ke neman a yi musu bidiyon talla, tambayar farko da suke yi wa mai ɗauka ita ce wace irin kyamara yake da ita, domin sun ɗauka cewa tsadar kyamara ita ce kyawun aiki. A Kano, inda Kannywood ta horar da matasa da dama a kan ɗauka da tacewa, samun mai kyamara mai kyau ba shi da wuya. Abin da ke wuya shi ne samun bidiyon da zai kawo mai saye, kuma rabin wannan aiki a hannun mai kaya yake tun kafin a kunna kyamara.

Matakin farko shi ne ka rubuta, a cikin jimla ɗaya, abin da kake so mai kallo ya yi bayan ya gama kallo. Mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, alal misali, sai ya tsayar da magana tun farko: masu sari daga Maraɗi da Damagaram yake nema, ko matan da ke haɗa kayan lefe a cikin gari? Waɗannan mutane biyu ba magana ɗaya ake yi musu ba, domin mai sari yana son ya ji farashin dila da yadda kaya za su isa gare shi, ita kuwa mai lefe zubi da launi take dubawa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zaton cewa tunda an biya kuɗi, dole a nuna kowace kanta da tarihin shago tun daga kafuwarsa. Ka rubuta abin da za a faɗa, ka karanta shi da ƙarfi kana duba agogo, duk abin da ya haura minti ɗaya ka yanke shi.

Daga nan sai ka yanke shawarar inda za a saka bidiyon, kuma ka faɗa wa mai ɗauka kafin ranar aiki. Sitatus na WhatsApp da TikTok hoton tsaye suke so, mai awon 9:16, yayin da YouTube da talabijin suke amfani da na kwance, mai awon 16:9. Idan aka ɗauka a kwance sannan aka matse shi ya koma tsaye, sai a yanke gefen kayan ko rabin fuskar mai magana. Haka kuma bai kamata ka ƙara kuɗi don kawai an ce maka za a ba ka aikin a 4K ba, wato hoto mai tsananin fita, domin 1080p, wanda ke ƙasa da shi, ya wadatar a waya, kuma waɗannan manhajoji suna rage nauyin bidiyo da kansu kafin ya isa ga mai kallo.

Mataki na uku shi ne zaɓen wanda zai yi aikin, kuma a ganina nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Wanda ya ƙware a ɗaukar biki ba lallai ne ya iya talla ba, saboda a biki abin da ke faruwa ake bi, a talla kuwa komai shirya shi ake yi. Ka nemi ya nuna maka tallace-tallace biyu ko uku da ya yi, cikakku, sannan ka rufe idonka ka saurari ɗaya daga cikinsu. Idan kana jin ƙugin janareta ko hon ɗin adaidaita sahu yana danne muryar mai magana, to ka gane cewa da makirufon jikin kyamara ya yi aiki. Mutane suna haƙuri da hoton da bai fita sosai ba, amma da wuya su tsaya a kan muryar da ba sa ji. Ka tambaye shi ko yana da ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, da fitilun da yake zuwa da su.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: ranar miƙa aiki, sau nawa za a yi maka gyara kyauta, da kuma ko za a ba ka ɗanyen hoton da aka ɗauka, domin biyan kuɗin aiki ba ya nufin ka mallake shi sai an ambata. Batun kiɗa ma ya shiga ciki. Ɗora waƙar wani mawaƙi ba da izininsa ba tauye haƙƙinsa ne, kuma YouTube da Facebook suna da na'urar gane waƙa, suna iya kashe sautin ko su toshe bidiyon. A Najeriya hukumar ARCON ce ke tantance tallace-tallace, maganin sha da kayan shafa da abincin gwangwani suna buƙatar amincewar NAFDAC, tashi da jirgi maras matuƙi don ɗaukar hoto daga sama kuma yana buƙatar izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama. Duk wanda fuskarsa za ta fito, ko yaron shago ne, a nemi yardarsa.

Ranar ɗauka, a fara da sassafe kafin kasuwa ta cika, a kauce wa lokutan salla da ranar da hazo ya sauka. Ka tsaya kusa da mai ɗauka ka kalli allon kyamara da idonka. Ka ɗaga shadda ɗaya a hannu ka kwatanta ta da wadda ke allon, domin fitilar shago takan mayar da fara ta koma ruwan madara, shuɗiya ta yi duhu, kuma wanda ya yi oda daga nesa saboda launin da ya gani zai dawo maka da kayan yana ganin ka yaudare shi. Idan ka ga hasken yana rawa a allo, ka yi magana nan take. Wannan rawar daga wutar lantarki take zuwa, domin tamu 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gogaggen mai ɗauka ya san zai saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa don su daidaita. Kada ka yarda da cewa za a gyara a kwamfuta, domin edita yana iya daidaita launi kaɗan, amma ba zai iya dawo da muryar da hayaniya ta cinye ba.

Tacewa takan ɗauki kwanaki fiye da ɗaukar kanta, don haka ka ba edita lokaci, ka haɗa gyare-gyarenka a takarda ɗaya, ka kuma sa ya rubuta lambar waya da adireshi a jikin hoton saboda masu kallo ba tare da sauti ba. Bidiyo ba ya yaɗa kansa, saboda haka tun wajen kasafi ka ware wani kaso na tallata shi a Facebook ko Instagram ga garuruwan da ka zaɓa. Bayan ka sake shi, ka ajiye littafi a shago, duk baƙon da ya kira ko ya shigo a tambaye shi inda ya ji labarinku, a rubuta har tsawon wata guda kafin ka yanke shawarar yin na biyu.