Yadda Mai Ciwon Hanta Nau'in B Zai Kula da Abincinsa a Karkara

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da an ce mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B sai a hana shi nama da ƙwai, a bar shi da kunu da rake har ya rame. Abin yana damuna ƙwarai, domin yunwa ba ta gyara hanta.

Fara daga rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna, ita kuma tana fitar da wata guba mai suna aflatoksin. Idan gubar nan ta haɗu da ƙwayar cutar, haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sosai, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita. Saboda haka a shanya amfanin gona a kan leda ko tabarma har gyaɗa ta riƙa kaɗawa cikin ɓawonta, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Kafin niƙa, uwargida ta zuba a faifai ta tsince duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi ko ta yi ɗaci. A zubar da ita, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don gudun asara. Ƙulin kwaɗon zogalenka ma ka san hannun da ya fito.

Na biyu, ka ci ka ƙoshi: tuwon gero ko dawa da miyar kuka, wake, awara, kifi, ƙwai, nonon da aka tafasa madararsa, rama da alayyahu. Rage soye-soye da lemon kwalba. Idan ciki ko ƙafafu sun fara kumbura, a rage gishiri da dunƙule, a garzaya asibiti.

Na uku, giya da burkutu babu su sam. Jiƙe-jiƙen shawara da ake tallatawa ranar kasuwa ka bar su, hanta ce ke tace duk abin da ka sha. Farasitamol da maganin ƙarin jini ma sai da izinin likita. Idan an ɗora ka a kan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, kada ka daina da kanka, kuma ka riƙa komawa gwaji kamar duk bayan wata 6.

Kada a ware maka kwano. Cutar ba ta bin abinci, ta jini, saduwa da haihuwa take yaɗuwa. Iyalinka su je a gwada su, a yi wa marasa ita allurar rigakafi.