Yadda na raba kajina da tunku

Mako uku ina asarar 'yan tsaki a gidanmu na Gadarif, a ƙasar Sudan. Na zargi muzurun maƙwabta, na rufe saman akurki, na sauya sakata. Duk a banza.

Da magariba na barbaɗa toka kewaye da akurkin. Da asuba sai ga sawun tunku har bakin wata tsaga. Baƙar lakar nan tamu da rani darewa take, ashe ta nan yake kutsowa.

Na haƙa rami zurfin santimita 40 zagaye da akurkin, na zura raga mai ƙananan idanu, na lanƙwasa gindinta waje kamar taƙi ɗaya, na cike da tsakuwa. Ciki kuma na daɓe da siminti.

Yau kwana 20 ban rasa ko ɗaya ba. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Kawu da ya ba ni dabarar tokar.