Mura Mai Zafi Ce Ko Korona? Yadda Za Ka Bambance Su a Sanyin Jos

Da hunturu ya kankama a Jos, daga Disamba zuwa Janairu, da wuya ka shiga gidan da babu mai tari da majina. Mafi yawa murar yau da kullum ce, ta yi 'yan kwanaki ta wuce. Masu kwantar da mutum su ne mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, da korona. Ƙwayoyin cutar biyu ba dangin juna ba ne, amma hanyarsu ɗaya: tari, atishawa, da zama a ɗaki an rufe tagogi saboda sanyi.

Fara da ƙirga kwanaki. Infuluwenza tana bayyana kwana 1 zuwa 4 bayan kamuwa, kuma farat ɗaya take zuwa: da safe mutum garau, kafin la'asar zafin jiki ya kai 39, gaɓoɓi na ciwo kamar an yi masa duka. Korona na iya ɗaukar kwana 2 zuwa 14, ko da yake nau'in Omicron da ya bazu tun ƙarshen 2021 yakan fito cikin kwana 3 ko 4, sau da yawa da kaikayin maƙogwaro da kasala. Don haka ka tuna wa ka zauna kusa da shi, a wurin suna ko a motar haya daga Terminus, kuma yaushe.

Idan mutum ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano alhali hancinsa ba a toshe yake ba, zargi ya fi karkata ga korona. Rashin wannan alamar kuwa bai wanke kowa ba. Gaskiyar magana, ko likita ba zai rantse da alamu kaɗai ba, sai an yi gwaji.

A ƙasarmu gwajin farko ga mai zazzaɓi shi ne na cizon sauro, minti 15 zuwa 20 ya isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shiga kemis a haɗo maganin maleriya da amoksisilin ba gwaji. Amoksisilin ba ya kashe ƙwayar infuluwenza ko ta korona. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani a lokacin rani kuma, a kai asibiti, domin Filato na cikin jihohin da ake samun zazzaɓin Lassa.

Gwajin korona na gaggawa ba wuya. Wanke hannu, ka sa tsinken audugar cikin kowace ƙofar hanci kamar santimita 2, ka juya sau biyar, ka dama shi cikin ruwan gwajin, ka ɗiga adadin da takardar kwalin ta faɗa. Karanta a minti 15, bayan minti 30 kada ka yarda da abin da ka gani. Layi biyu, ko na biyun ya dusashe, akwai cutar. In layin da ke gefen harafin C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace. In ya nuna babu amma alamu na nan, maimaita bayan awa 48, domin a ranar farko ƙwayoyin ba su taru a hanci ba tukuna.

Amfanin sanin wacce ce yana ga magani. Oseltamivir na infuluwenza ya fi aiki in an fara cikin awa 48, babba yana shan miligiram 75 sau biyu a rana har kwana 5. Paxlovid na korona ana fara shi cikin kwana 5, kuma yana karo da wasu magungunan zuciya da na rage kitsen jini, don haka likita ne zai rubuta. Tsofaffi, masu juna biyu, masu ciwon suga, asma ko sikila, kada su tsaya jiran gani. Sauran jama'a hutu ne da shan ruwa da farasitamol, kada babba ya wuce giram 4 a rana, kuma kada a ba yaro asfirin.

Inda korona ke yaudara shi ne mako na biyu. Zazzaɓi ya sauka, a ce an warke, sai tsakanin kwana 5 zuwa 10 numfashi ya fara sarƙewa. Na'urar auna iskar oksijin ta cikin jini, wadda ake maƙalawa a ɗan yatsa, tana taimakawa: ƙasa da 94 a tafi asibiti, ƙasa da 90 a garzaya ko da tsakar dare ne. A ɗumama hannu tukuna, don yatsa mai sanyi ko mai jan farce yana ba da lambar ƙarya, kuma a kan baƙar fata na'urar kan ɗan ƙara lamba. Wanda ke haki, kada lamba mai kyau ta hana a kai shi. Ga yara a ƙirga numfashi na minti guda suna natse: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce.

Mara lafiya ya kwana shi kaɗai in da hali, ya sa takunkumi, a bar taga a ɗan buɗe a ƙara masa bargo. Rigakafin korona ba ya kare mutum daga infuluwenza, ita allurarta daban ce, kuma kowace shekara ake sabunta ta. Lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, da ke Abuja ita ce 6232.