Yadda ake tara tsofaffin fayafayan waƙoƙin ibada na zamanin Barok

Zamanin Barok a tarihin kiɗan Turai ya fara ne wajen shekarar 1600, kuma an saba ɗaukar 1750, shekarar da mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach ya rasu a birnin Leipzig na Jamus, a matsayin ƙarshensa. Babu wanda ya naɗi muryar mawaƙan cocin wancan lokaci, domin na'urar naɗar sauti ba ta zo ba sai bayan fiye da ƙarni guda. Saboda haka duk tsohon faifan da mutum zai samu yana nuna masa yadda mutanen 1939 ko na 1961 suka fahimci waƙar ne, kuma a nan daɗin wannan tari yake.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya zaɓi waƙa guda, ya bi ta cikin shekaru, maimakon ya riƙa sayen duk abin da ya ci karo da shi. Wadda ta fi dacewa da wannan ita ce doguwar waƙar Bach a kan shan azabar Yesu bisa Bisharar Matiyu, wadda ake yi wa lamba BWV 244. Ya kamata a riƙe wannan lamba, domin sunan waƙar yana canzawa daga Jamusanci zuwa Ingilishi ko Faransanci a jikin kwalin faifai, amma lambar ba ta canzawa.

Fayafayai uku sun isa a soma da su. Na farko shi ne wanda aka naɗa a zauren Concertgebouw na Amsterdam a 1939, ƙarƙashin jagorancin Willem Mengelberg, a gaban jama'a, 'yan watanni kafin yaƙin duniya na biyu. An yanke sassa da dama, kuma madugun yana jan kiɗan yana sassauta shi yadda ransa ya raya masa, har tarin masu sauraro ana jinsa. Na biyu shi ne na Otto Klemperer da aka naɗa a Landan a farkon shekarun 1960, mai nauyi da tafiyar hawainiya, inda waƙar buɗewa kaɗai take cin kusan minti 12. Na uku kuma na Nikolaus Harnoncourt ne na 1970, wanda ya koma ga kayan kiɗa irin na dā, ya sa yara maza da manyan maza su rera dukan muryoyin kamar yadda ake yi a cocin Leipzig a zamanin Bach, kuma a wurinsa wannan waƙar buɗewa ba ta kai minti 8 ba.

Kada a zauna a saurari ukun daga farko har ƙarshe a rana ɗaya, domin kowanne yana ɗaukar kusan sa'a uku ko fiye, kunne kuma yana gajiya. A ware wuri guda, a maimaita shi. Ni na fi son a fara da Erbarme dich, roƙon jinƙai da ke biyo bayan musun da Bitrus ya yi wa Ubangijinsa sau uku, inda goge guda yake raka murya guda. A wurin Klemperer, Christa Ludwig ce take rerawa da cikakkiyar murya mai kauri, tana jan kowane gaɓa har sai numfashi ya kusa ƙarewa, yayin da a wurin Harnoncourt namiji ne mai siririyar murya, gogen kuma mai tsirkiyar hanji yana magana a taƙaice. Mai kunne zai lura cewa sautin na Harnoncourt ya ɗan yi ƙasa, domin masu tsofaffin kayan kiɗa sukan ɗaure su ƙasa da na zamani da kusan rabin mataki. Kafin a kunna, a nemi fassarar baitocin a riƙe a hannu, domin waƙar ibada ce, kuma wanda bai san abin da ake roƙo ba ya rasa rabinta.

A wajen saye, abin da za a duba shi ne ranar naɗi, wadda sau da yawa take ɓoye a cikin ɗan littafin da ke tare da faifan, tunda shekarar da ke bayan kwali ta sake bugawa ce kawai. Haka kuma a duba sunan wanda ya kwafo sautin daga tsohon faifai, domin wasu kan goge ƙarar shuuu ɗin har su tafi da hasken murya. Aikin Mark Obert-Thorn da Ward Marston a jerin tsofaffin naɗe-naɗe na kamfanin Naxos, wato Naxos Historical, abin dogaro ne, kuma ba shi da tsada.

Wanda ya kai ga tara ainihin fayafayan garmaho sai ya bambance iri biyu. Masu juyi 78 a minti, waɗanda aka yi amfani da su kafin kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, kowane gefe ba ya wuce minti huɗu zuwa biyar, suna da saurin fashewa, kuma allurarsu ta fi ta dogon faifai kauri, don haka ba a haɗa musu allura. Ba a goge su da sinadarin da ke da barasa a ciki, domin yana narkar da fuskar faifan. Dogon faifai kuwa zafi ne abokin gabarsa, yana lanƙwasa shi. Dukansu a tsaye ake jera su, cikin rigunansu, a ɗakin da rana ba ta bugawa, kuma a lokacin hunturu a share ƙura da burushi mai laushi kafin a ɗora allura, ana bin zagayen layin faifan.