Idan ɗan gida ya ciyo bashin caca: yadda za a biya ba tare da an karya jari ba

Ranar da wani ya tsaya a ƙofar sito ya ce yana bin ɗan Alhaji sefa miliyan uku, abin da yawancin iyaye ke yi shi ne su ja shi gefe, su ƙirga masa kuɗinsa, su roƙe shi kada maganar ta fita. Wannan biyan na ɓoye shi ne ya fi komai tsada. Yana nuna wa yaro cewa akwai mai share masa hanya, yana kuma nuna wa masu ba da bashi cewa gidan nan na biya. Bashin da zai biyo baya kusan kullum ya fi na farko.

Gidajen da ke sana'ar abinci a Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusuri, a arewacin Kamaru, suna cikin wannan haɗari sosai, kuma dalilin a fili yake. Tsabar kuɗi na shiga hannu kowace rana. Buhun shinkafa ko jarkar mai ba su da lamba kamar mota, idan sun fita sun fita. Sannan sunan uba kansa jari ne: ɗan babban dilan sukari zai iya ɗaukar buhu hamsin da magana kawai.

Toshe kafa kafin a yi magana

Kafin faɗa, kafin nasiha, a ranar da labarin ya zo, a karɓe makullan sito da na akwatin kuɗi. A canza kwaɗo, domin makulli ana yanka shi a kasuwa cikin mintoci. A canza lambar sirri ta layin shago na Orange Money da MTN MoMo, ko Airtel Money da Moov Money ga waɗanda ke Cadi. Idan yaron yana da izinin sa hannu a banki, a je da kai a soke shi a rubuce, a karɓo shaida. A karɓe littafin rasit da hatimin shago.

Daga nan a kira duk wanda ke ba gidan kaya bashi, a gaya masa daga yau ba a fitar da komai da sunan shago sai da muryar Alhaji ko takardarsa. Ba sai an faɗi dalili ba.

Kafar da aka fi mantawa tana cikin gida. Uwa da kaka da yayye mata su ne ke sayar da zinariya ko su kwashe adashi a ɓoye don kada mahaifi ya ji. A zauna da Hajiya tun ranar farko, a gaya mata gaskiya, a roƙe ta duk abin da yaron ya nema ta kawo maganar. Tausayinta na uwa ne, ba laifi ba ne, amma in ba a haɗa kai da ita ba duk sauran aikin zuba ruwa ne a kwando.

Ƙirga kaya, ba littafi ba

Littafin da yaron ke riƙewa zai nuna komai daidai. Don haka a rufe sito yini guda, a sa mutum biyu da ba su da hannu a ciki su ƙirga. Kada a tsaya ga lissafin jere sau tsawo. A sauke tarin buhuna har ƙasa, saboda ana iya gina bango a waje a bar tsakiya fayau. A ɗora buhu ɗaya cikin kowane goma a kan sikeli. Idan an zari kilo biyu daga kowane buhu mai kilo 50, a buhu 200 an yi asarar kilo 400, wato buhu takwas, ido kuwa ba zai gani ba. A duba ɗinkin bakin buhu ko na inji ne ko na hannu, a duba murfin jarkokin mai ko an taɓa buɗe su.

Sai littafin masu cin bashi. A kira kowane mai kanti, mai gidan burodi da mai tuwo-tuwo, a tambaye shi da baki: nawa muke binka? A nan ake gano wanda ya biya tun watan jiya amma kuɗin bai shiga ba. In akwai mota a hanya, misali kayan da aka sauke daga jirgin ƙasa a Ngaundere za a kai Kusuri ko Njamena, a kira direba da mai karɓa daban-daban a gwada adadin da kowanne ya faɗa.

Zaman farko da yaron

Ya fi kyau baffa ko kawu da yaron ke jin nauyinsa ya jagoranci zaman, uba yana gefe. Buƙatar zaman ɗaya ce, a samu cikakken jerin bashi. Ana iya ce masa: "Ɗana, ba duka aka kira ka ba. Rubuta mana kowa da kowa, da abin da ka karɓa, da abin da ka ba shi jingina. Wanda ka ɓoye yau, kai da shi ne gobe."

Adadin da zai fara faɗa kusan kullum guntu ne, kunya da tsoro ke sa haka. A ba shi kwana uku ya cika. A raka shi ofishin kamfanin waya da katin shaidarsa ya nemi bayanan shige da ficen kuɗin layinsa na wata shida, a kuma buɗe manhajar cacar a wayarsa a duba tarihin tikitoci. A tambaye shi layi nawa gare shi. Sau da yawa akwai na biyu da aka yi rajista da sunan aboki. A takardar, kowane bashi ya zo da abu biyar: sunan mai shi, uwar kuɗi, ruwan da aka ɗora, abin da aka riga aka biya, da takarda ko jinginar da ke hannunsa.

Ba kowane bashi ake biya ba

Nan ne zuciyar aikin. Kamfanonin cacar ƙwallo da na tseren doki irin PMUC kuɗi hannu suke karɓa kafin wasa, don haka ba su ne ke bin yaron ba. Masu binsa mutane ne, kuma iri-iri ne.

Akwai bashin tabarma, wato abin da aka cinye shi a karta ko wani wasa ya ce zai kawo. Dokar farar hula da ake aiki da ita a yankin Kamaru mai amfani da Faransanci, a sashe na 1965, ba ta ba kowa damar kai ƙara kan bashin caca ba. Sashe na 1967 kuma ya ce wanda ya biya da son ransa ba zai iya neman a mayar masa ba, sai in an yi masa maguɗi. Ma'ana, in ka biya ya tafi, in ba ka biya ba babu kotun da za ta tilasta. A shari'ar Musulunci ma ba haƙƙi ba ne, tunda Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haramta tushensa. Abin da masu wannan bashi ke nema shi ne a mayar da shi takarda mai cewa "na ranci kaza daga wurin wane", ba tare da ambaton caca ba. Da zarar an sa hannu a irin wannan, tabbatar da asalinsa ya zama jan aiki. Kada yaro ko wani ɗan gida ya sa hannu.

Akwai masu ba da kuɗi da ruwa. Su ne suka fi haɗari saboda lissafinsu gudu yake. Idan aka ranci miliyan ɗaya a kan kashi 20 cikin ɗari kowane wata, ana ɗora ruwan da ba a biya ba a kan uwar kuɗi, cikin wata shida ya kusa miliyan uku. Abin da za a yi tayi a kai shi ne uwar kuɗi, a cire abin da aka riga aka biya. Mai irin wannan sana'a ya san dokar laifuka ta hana cin ruwa fiye da ƙima, don haka bai cika son zuwa gaban alƙali ba. Sulhu a gaban liman, sarkin Hausawa ko fadar lamido yakan kawo shi kan uwar kuɗinsa. Idan ya koma barazana, a adana saƙonninsa, a kai wa jandarma ko komisariya, wato ofishin 'yan sanda, tare da lauya.

Akwai kayan da yaron ya ɗauka da sunan shago. Wannan a biya shi cif, kuma da wuri. Dilan da ya saba ganin ɗan Alhaji na zuwa ɗaukar fulawa shekara da shekaru ba shi da laifi don ya sake ba shi, kuma yana da hujjar bin shagon. Amanar da ta sa ake sauke maka tirela ba tare da ka ajiye ko sisi ba ta fi kuɗin nesa.

Sai ƙananan mutane: yaron shago da aka ranci albashinsa, ɗan dako, direba, matar da aka cinye mata zubin adashi. Su ba za su zo ƙofa da hayaniya ba, tsoron rasa abincinsu suke yi. A neme su, a fara da su. Jaka talatin ɗin ɗan dako ta fi miliyan ɗin mai ruwa nauyi a wuyan gidan.

A san kuma cewa bashin ɗan da ya kai shekarun girma a doka ba ya hawa kan uba sai in uban ya tsaya masa. A tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, wanda Kamaru da Cadi duk suna cikinsa, tsayawa wani ba a ƙaddara shi, sai an rubuta an sa hannu. Shi ya sa ake matsa wa iyaye su sa hannu a takardar alkawari cikin ruɗani, musamman in an tsare yaro. Kada a sa hannu sai lauya ya karanta. Amma in yaron ya sayar da kayan wani da aka ba shi ajiya, ko ya ba da takardar fili ta jabu, an bar batun bashi an shiga zamba da cin amana, kuma a nan gaggawar mayar wa mai haƙƙi kayansa ita ce mafita.

Yadda ake miƙa kuɗin

Ko sisi kada ya bi ta hannun yaron. Mai caca da aka ba miliyan ya kai wa mai bashi zai ga dama ce ta ninka shi kafin la'asar. Wakilin gida ya biya kai tsaye, gaban shaidu biyu, a karɓi takarda mai ɗauke da kwanan wata, adadi da lamba da kuma kalmomi, da jimlar cewa babu sauran komai. A wurin a karɓo asalin takardar bashin da jinginar, takardun mota ne, takardar fili ce ko sarƙar uwa. In an bar asalin a hannunsa, wata rana za ta sake fitowa.

Kuɗin ya fara fitowa daga abin da yaron ya mallaka: mota, babur, babbar waya, agogo. Abin da ya rage a biya daga riba, kashi-kashi, ba daga uwar jari ba. Wanda ya kwashe kuɗin sayen masakwa ko albasa ana dab da kaka, ko kuɗin sukari ana gab da azumi, ya yi asarar ribar shekara a kan bashin da zai iya jira wata uku. Idan dukiyar ta haɗaka ce, ta gado da ba a raba ba ko ta 'yan'uwa, a sanar da masu haƙƙi, a rubuta abin da aka biya a matsayin bashi a kan yaron. Rashin yin haka ne ke raba zumunci ranar rabon gado. Batun zakka kuwa, a mazhabar Malikiyya ba a ba wanda ya ci bashi a kan saɓo kason mabarta, wato waɗanda bashi ya yi wa nauyi, sai ya tuba, kuma uba ya tambayi malami kafin ya lissafa wannan biya cikin zakkarsa.

Bayan an biya

Yaron ya koma aiki, amma inda ba a taɓa kuɗi: kula da lodi, sikeli, bin mota. A yanka masa albashi kamar kowane ma'aikaci, a riƙa cire kaso sananne, misali kashi ɗaya cikin uku, ana rubutawa yana sa hannu. Kuɗin kashewa a ba shi mako-mako. Suratun Nisa'i aya ta 5 ta hana damƙa wa mai wauta dukiya, ta kuma ce a ciyar da shi, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. Duka ɓangarorin ake bi. A musanya masa waya da ƙarama marar intanet na wasu watanni, a nemi kamfanonin su rufe asusunsa.

Ɗan ɗan kasuwa yana jin lissafi, don haka a zauna a yi masa. Wasan da ko dai a ci ko a faɗi daidai wa daida, in ana biyan 1.90 a kowane ɓangare, wato wanda ya sa sefa 100 ya ci a ba shi 190, kamfani ya riga ya yanke kashi 5 cikin ɗari. In ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, yankan na taruwa har ya kai kusan kashi 40. Tambaye shi ko zai sayi buhu mai kilo 50 da aka zare kilo 20 daga cikinsa a farashin cikakke.

Aurar da shi ba magani ba ne, jefa 'yar mutane ne cikin wahala. Tura shi Duwala ko ƙasar waje ma haka, tunda cacar tana cikin aljihunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma komawa bayan an daina abu ne da ke faruwa. Idan ya koma, kada a sake biya, a ƙara tsawon lokacin da zai yi nesa da kuɗi. In akwai tiramol ko giya a ciki, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin yanki, ba a tsaya ga addu'a kaɗai ba. In kuwa ya daina cin abinci, ya daina barci, ko ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, a ajiye maganar kuɗi gaba ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da ke sito, a kai shi asibiti a ranar.