Darasi: Idan Likita Ya Ce Sai An Cire Mahaifa

Mahaifa ita ce ɗakin da jariri yake kwana wata tara. Akwai lokacin da ciwo yake kama ta har zamanta a jiki ya fi rashinta haɗari. Ƙari yakan fito a cikinta ya riƙa jawo zubar jini. Sankara takan kama ta. Doguwar naƙuda takan sa ta fashe, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa ya ƙi tsayawa. A irin wannan hali, cire ta ceton rai ne.

Amma 'yar'uwa, aikin nan ba a komawa baya. Wadda aka cire wa mahaifa ta daina haila, kuma ba za ta sake ɗaukar ciki ba. Don haka in ba gaggawa ba ce, ki tambayi likita kafin ki sa hannu a takarda: "Likita, babu wata hanya?" Wani ƙarin ana iya cire shi kaɗai a bar mahaifar.

Tambaya ta biyu mata da yawa ba su san da ita ba: "Har da jakunkunan ƙwai za a cire?" Su biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma su ke samar da sinadaran da ke riƙe jikin mace. In aka haɗa da su, ko shekarunki 35, jikinki zai shiga halin wadda ta daina al'ada nan take. Zafi ya taso miki daga ƙirji zuwa fuska, ki farka da dare zane ya jiƙe sharkaf da gumi, gaba ya bushe, ƙashi ya riƙa rauni a hankali. Akwai magani, sai dai a hannun likita.

Tiyatar kanta tana da nata haɗarin. Jini na iya zuba har a nemi ƙarin jini. Ɗinki na iya yin ruwa. Mafitsara maƙwabciyar mahaifa ce, wani lokaci akan ji mata rauni, har ya kai ga yoyon fitsari.

In yanka ciki aka yi wajen aikin, warkewa takan ɗauki mako 6 zuwa 8. A nan ne ake yawan kuskure. Mace ta ga fata ta haɗe, sai ta ɗauki taɓarya, ko ta ja guga a rijiya, alhali ɗinkin ciki bai kama ba. Maigida, wannan naka ne: daka, ɗaukar tulu da kwanciyar aure duk su dakata sai likita ya ba da izini. Ita kuwa ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Masu cewa wadda aka cire wa mahaifa ta tashi daga mace, ba gaskiya suke faɗa ba, kuma maganar tana ƙona zuciya. Bayan ta warke, zaman aurenta yana nan. In baƙin ciki ya dame ta, musamman mai son ƙarin haihuwa, a zauna da ita a saurare ta.

A koma asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba in aka ga zazzaɓi, jini mai yawa, ruwa mai wari, mugunya a wurin ɗinki, fitsari yana zuba da kansa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana sarƙewa.