Kurakuran da aka fi yi wajen lissafa makin z na matsakaicin samfur

A ɗauki inji mai cika kwalabe. Matsakaicin abin da yake zubawa, μ, mililita 500 ne, ma'aunin bazuwarsa kuwa, σ, 20. Aka ɗebo kwalabe 25 ba tare da zaɓe ba, matsakaicinsu ya kama 508.

Makin z yana nuna yawan ma'aunan bazuwa da ke tsakanin abin da aka samu da μ. Kuskuren da ya fi kada ɗalibai shi ne raba tazarar 8 (508 − 500) da 20 kai tsaye, a samu 0.4. Wannan lissafin kwalba guda ne. Matsakaici ba ya yawo kamar kwalba ɗaya, domin wadda aka cika da yawa tana toshe giɓin wadda ta gaza. Don haka sai a fara raba σ da √n, inda n yake nufin yawan kwalaben samfur: 20 ÷ 5 = 4. Sannan z = 8 ÷ 4 = 2. Bambancin ba ƙarami ba ne. Yiwuwar kwalba guda ta haura 508 kusan 0.34 ce, abin yau da gobe. Ta matsakaicin kwalabe 25 kuwa 0.0228 kacal. Kafin a taɓa kalkuleta, a tabbatar ko tambayar a kan abu ɗaya take ko a kan matsakaici.

Wasu sukan manta da alamar √, su raba σ da 25, sai z ya fito 10. Duk z ɗin da ya wuce 4, a sake duba lissafinsa. Kalkuleta ma tana yaudara: 8 ÷ 20 ÷ 5 zai ba da 0.08, sai an sa 20 ÷ 5 cikin baka. In kuma σ² = 400 aka bayar, a fara mayar da shi 20.

Yawancin jadawalin z gefen hagu suke nunawa. Wanda ya kwafi 0.9772 alhali an tambayi "ya haura", ya amsa akasin tambayar. A cire shi daga 1. Zana siffar ƙararrawa ta bazuwar z a yi wa gefen da ake nema launi yana hana wannan.

Idan ba a san σ ba, daga samfur aka lissafa ma'aunin bazuwa, s, to jadawalin t ake buɗewa, a layin n − 1, wato 24. A matakin kashi 5 cikin 100, gefe biyu, iyakar z 1.96 ce, ta t kuwa 2.064. Makin 2 ya tsallake ta farko, bai kai ta biyu ba, hukuncin ko injin ya kauce daga 500 ya juye ke nan.

A kuma lura da siffar bayanan. Ƙa'idar da ke cewa samfur mai abubuwa 30 ya isa matsakaici ya bi siffar ƙararrawa kimantawa ce kawai. In bayanan sun karkace gefe guda sosai, 30 ma ba za ta isa ba, balle 25.